Ido Ba Mudu Ba Ne

Mu huɗu ne a ɗaki guda, kuma dukkanmu a Kudu aka yanke mana cibiya. Fatauci ne ya kawo iyayenmu ƙasar Yarbawa, wasu da goro, wasu da dabbobi, suka zauna a unguwannin Sabo har aka haife mu. Uku daga cikinmu ilimin dabbobi muke karantawa, na huɗun kuwa yana sashen kwamfuta. Mahaifin ɗayanmu dillalin tumaki ne a kara, ya fi shekara arba'in a kan wannan sana'a, kuma mu duka Baba muke ce masa, don babu wanda bai ci tuwon gidansa ba a cikinmu. Ya kamata mu faɗi gaskiya tun daga farko, wato ba mu cika son ambaton sana'ar Baba a makaranta ba. Idan aka ba ɗansa takardar cikewa, aka zo kan aikin mahaifi, "ɗan kasuwa" yake rubutawa ya wuce wurin da sauri, mu kuma ba mu taɓa ganin laifinsa ba. A ganinmu na wancan lokaci, mu ne masu ilimin dabbobi, shi Baba sayar da su kawai yake yi.

Darasinmu na farko a kan siffar dabba, a kan gawa muka yi shi. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin gwaje-gwajen sashenmu ya san kantocin nan masu ɗauke da kwalabe jere, da macizai da kifaye da ƙadangaru a nutse cikin ruwan fomalin. A nan muka ga jan-gwada a kwalba, muka yi ta kallonsa ba mu gane shi ba sai da muka karanta takardar da ke manne. Wannan ƙadangare da ke gyaɗa mana kai kullum a kan katangar ɗakin kwana, mai jan kai da baƙin jiki mai sheƙi, ga shi nan ya koɗe fat, ya motse, ya lanƙwashe daidai da cikin kwalbar da aka cusa shi. Aka ba mu ma'auni muka auna tsawon kansa da na ƙafafunsa, muka rubuta, aka ba mu maki. Mako na gaba aka raba wa kowane rukuni kwaɗo guda, aka sumar da shi, muka feɗe. Ba mu yi ƙorafi ba, don haka aka koyar da malamanmu, haka kuma aka koyar da malamansu.

Ba muna raina kwalaben nan ba ne. Da su aka san yawancin abin da aka sani game da jinsunan dabbobi, kuma har yanzu amfaninsu bai ƙare ba. Tsakanin 2017 da 2023, wasu gidajen adana halittu na Amurka sun haɗa kai a wani shiri mai suna oVert, suka saka dabbobin kwalba fiye da 13,000 a na'urar CT, suka fitar da surar ƙasusuwansu ba tare da an yanka ko ɗaya ba. Sai dai gawa gawa ce. Fomalin yana cinye launi, yana sa jiki ya tsuke, kuma babu kwalbar da za ta nuna maka yadda dabba take tsayuwa, ko yadda take ɗaukar nauyin jikinta, ko yadda cikinta yake cika ya sace tsakanin damina da rani.

Muna aji uku wata malamarmu ta haska mana wani kwaɗo a allo. Da farko mun ɗauka hoto ne kamar kowane hoto. Sai ta ɗora yatsa ta juya shi, muka ga bayansa, ta kifa shi, muka ga cikinsa da tafin ƙafarsa, ta matso da shi har muka ga ƙurajen fatarsa ɗaya-ɗaya. Sa'an nan ta ce mana kwaɗon da aka ɗauki wannan sura daga gare shi da ransa aka ɗauka, kuma da ransa aka mayar da shi. Aji ya yi tsit. Ta bayyana mana cewa aikin wani shiri ne mai suna Digital Life, wanda Farfesa Duncan Irschick ya jagoranci kafa shi a Jami'ar Masacusets da ke Amherst a 2016, da nufin adana surar dabbobi masu rai a cikin kwamfuta, sura mai tsawo da faɗi da kauri. Sun ƙera wata na'ura da suka sa wa suna Beastcam, mai hannuwa goma, kowane hannu na ɗauke da kyamara uku. Akan ajiye ƙaramar dabba a tsakiya, kyamarori talatin su ɗauke ta a ƙiftawar ido guda, daga sama da gefe da ƙasa.

Abokin ɗakinmu na sashen kwamfuta shi ya warware mana yadda abin yake, a daren ranar, muna cin garau-garau. Ya ce mu ɗaga yatsa a gaban hanci, mu rufe idon dama, sa'an nan mu buɗe shi mu rufe na hagu. Yatsan ya yi kamar ya yi tsalle. Ya ce da wannan ɗan bambanci na abin da idanu biyu ke gani ƙwaƙwalwa take gane nisa da kusa, kuma da shi kwamfuta take aiki. Takan nemi wani tabo a jikin dabba wanda ya fito a hoto biyu ko uku, ta lissafa inda kowace kyamara take tsaye, ta ja layi daga kowacce zuwa tabon, inda layukan suka haɗu nan ne mazauninsa a sarari. Haka za ta yi wa dubban tabbai har su zama tarin ɗige-ɗige masu kama da dabbar. Daga nan sai ta haɗa ɗigon da ƙananan alwatika kamar ana saƙa koma, ta shimfiɗa launin hotunan a kai ya zama fata. Masana na kiran wannan dabara awo da hoto, kuma ba sabuwa ba ce, tun ƙarni na 19 masu zanen taswira da masu auna gine-gine suke amfani da ita. Abin da ya sa ta daɗe ba ta iso kan dabbobi ba shi ne, dutse da gini suna tsayawa wuri ɗaya.

Da muka bi tarihin abin, sai muka ga ashe an daɗe ana fama da wannan matsala. A 1878 wani mai ɗaukar hoto, Eadweard Muybridge, ya jera kyamarori a gefen filin sukuwa a Palo Alto ta Kalifoniya, ya ɗauki doki yana gudu. Hotunan sun nuna cewa lallai akwai lokacin da kofatan doki huɗu duk suke barin ƙasa, amma a lokacin ƙafafun a tattare suke ƙarƙashin ciki, ba a miƙe gaba da baya ba kamar yadda masu zane suka yi shekaru aru-aru suna zanawa. A 1917 kuma wani masanin Sukotland, D'Arcy Thompson, ya buga littafinsa *On Growth and Form*, inda ya shata layuka a kan zanen wani kifi, ya nuna cewa idan aka ja layukan ko aka karkata su, sai siffar wani kifin dabam ta fito. Shi ya koya wa masana cewa siffa aba ce da za a iya lissafawa. Amma a kan takarda ya yi aikinsa, takarda kuwa tsawo da faɗi kawai gare ta.

Labarin da ya fi kama mu shi ne na wel, ƙatuwar dabbar tekun nan wadda ake ɗauka kifi ce alhali haihuwa take yi tana shayarwa. Yaya za a auna nauyin dabbar da ta fi motar tirela nauyi, tana tsakiyar teku? A da, sai an kashe ta, masunta su daddatsa ta a auna gunduwa-gunduwa, jini da ruwan jiki sun riga sun tsiyaye, ko kuwa a jira wadda teku ta turo gaɓa matacciya, ta kumbura. A 2019 Fredrik Christiansen da abokan aikinsa suka buga wani bincike da suka yi a gaɓar Valdes ta ƙasar Ajantina. Sun tashi ƙananan jirage marasa matuƙi a saman wel 86, suka ɗauki hotonsu daga sama, da kuma lokacin da suka juya gefe, suka auna tsawo da faɗi da kauri a wurare daban-daban na jiki, suka gina sura, suka fitar da girman jikin, daga nan suka lissafa nauyi. Babu wadda aka taɓa ko da yatsa. Da irin wannan awo aka gano a Ostireliya cewa uwar wel takan rasa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na girman jikinta a watannin farko na shayarwa, don ba ta cin abinci a lokacin. A 2021 kuma wani binciken ya nuna cewa 'yan'uwansu na arewacin tekun Atlantika, waɗanda ba su kai 400 ba a duniya, suna ƙarancewa, har wanda aka haifa a 'yan shekarun nan yakan gaza na shekarun 1980 da kimanin mita guda, kuma igiyoyin masunta da ke sarƙe su na daga cikin dalilai. Da a kan gawa aka dogara, da wuya a ga wannan kafin lokaci ya ƙure.

Hausawa na cewa gani ya kori ji, mu kuwa muka ce gwadawa ta kori gani. Da aka yi hutu gab da Babbar Sallar 2024, sai muka shirya mu huɗu muka nufi kara. Muka tarar da Baba zaune a kan buzu a ƙarƙashin rumfa, muka durƙusa muka gaishe shi, ɗansa ya yi masa bayanin abin da ya kawo mu. Ya saurara har aka gama, sa'an nan ya ce, "To, 'yan boko, ga raguna nan, Allah ya ba da sa'a. Kada dai ku firgita mini su, kwana goma ya rage." Ya nuna mana biyu da ya ware, duka Balami, farare tas. Ɗaya na gidansa ne, wata uku yana kiwonsa da dusa da harawa. Ɗayan, wanda ya fi tsayi da cika ido, bai daɗe da saukowa daga mota ba, ƙanensa ya saya.

Waya ɗaya muka yi amfani da ita a ranar. Ɗayanmu ya riƙe igiya, wani ya riƙa zagaya ragon yana ɗauka, taku ɗaya hoto ɗaya, har ya yi kusan tamanin. Muka koma gida muka zuba wa kwamfuta, ta yi ta nishi har bayan isha'i. Abin da ta haifar ba shi da suna a cikin dabbobin duniya. Kawuna biyu da rabi, ƙafafu bakwai, gadon baya kuwa rami ne fanko kamar gara ta cinye. Turken da aka ɗaure shi da kwanon dusa da takalmin mai riƙe igiya, su kam sun fito sumul. Washegari yaran kara suka yi ta miƙa wa juna wayar suna dariya har da faɗuwa, wani ya ce in dai wannan ne karatun jami'a, gara shi da bai je ba.

Dalilan biyu ne, kuma dukkansu suna cikin bayanin da aka yi mana tun farko, ba mu dai kula ba ne. Na farko, kwamfuta ta ɗauka abin da ke hoto na ɗaya shi ne a hoto na tamanin, bai motsa ba, alhali ragon ya juya kai ya fi sau ashirin, ya sauya ƙafa, yana numfashi. Shi ya sa mutanen Amherst suka tara kyamara talatin, ba don almubazzaranci ba. Na biyu, farin jiki ba shi da tabon da za a kama, duk inda kwamfuta ta duba fari ne, sai ta rasa wane wuri ne wane.

Abin da ya ɗan sanyaya mana zuciya shi ne jin cewa manya ma sun sha wannan wuya. A 2017 Silvia Zuffi da Michael Black da wasu abokan aikinsu, masu alaƙa da cibiyar Max Planck ta Jamus, sun so su koya wa kwamfuta siffar dabbobi masu ƙafa huɗu. Mutum za a iya ce masa ya tsaya cak a cikin na'ura, amma wa zai faɗa wa zaki ko dorina haka? Sai suka sayo 'yan dabbobin roba na wasan yara guda 41, suka ɗauki surarsu, da su suka gina samfurin da za a iya ja ko a matsa har ya dace da hoton dabbar gaske. Bayan shekara biyu, da wannan samfuri suka fitar da surar jakin dawa na Grevy daga hotunan da aka ɗauka a dajin Kenya, jinsin da a lokacin bai wuce kimanin 3,000 ba. Muka ce in har masanan Jamus sun koma kan kayan wasa, mu ma ba abin kunya ba ne mu koma kara.

Muka koma da sabuwar dabara. Za mu aro wayoyi da yawa, kowa ya tsaya wuri guda ya kunna bidiyo, mutum ɗaya ya tafa hannu, daga baya mu nemo daidai wurin tafin a kowane bidiyo mu ciro hoton wannan ƙiftawa. Muka sayo bula ta wanki don mu ɗiɗɗiga wa ragunan a jiki, muka yanko sanda mai tsawon mita ɗaya da za a ajiye a gefe, don surar kwamfuta ba ta san girman kanta ba sai an ba ta abin gwadawa. Muka tara mutum goma sha takwas da safe, muka kewaye ragon. Ganin taron nan sai ya zabura, ya riƙa fizgar igiya yana huci. Mun fi sa'a guda muna abu ɗaya.

Baba yana kallonmu daga rumfa bai ce uffan ba, sai da muka gaji muka zauna. Sa'an nan ya kira ɗansa ya ce, "Kai, wane irin ilimin dabbobi ake koya muku? Rago da safe yunwa yake ji, kuma kun zagaye shi kamar 'yan fawa. Ku bari sai bayan azahar, ya ci ya sha, rana ta dake shi. Ku shigo ɗaya-ɗaya, kowa ya zauna a ƙasa, kada wanda ya dube shi cikin ido. Yaron da ke ba shi dusa shi zai tsaya a gabansa. Tafin nan kuma ku bar shi, ku sa wani ya yi gyaran murya." Haka muka yi. Bayan azahar ragon ya tsaya a inuwa, ido rabi a rufe, yana tuƙa. Baba ya ce mu lura, idan ya haɗiye abin da ke bakinsa akwai ɗan tsaiko kafin wani ya taso, a nan ne babu abin da ke motsi a jikinsa. Duk mun karanta tuƙa a littafi, mun zana ɗakuna huɗu na cikin tunkiya a jarrabawa, amma babu wanda ya san da wannan tsaiko a cikinmu. A cikinsa muka ɗauki ragunan biyu.

Wannan karon rago ne ya fito, da ƙahonsa da lanƙwasar hancinsa irin ta Balami da ɗigon bula a jiki. Akwai rami a ƙarƙashin ciki, don babu wanda ya yarda ya kwanta a kashin tumaki, amma abokinmu ya toshe shi. Kwamfuta ta ba mu girman jikin kowanne, muka ƙaddara cewa nauyin jikin dabba bai yi nisa da na ruwa ba, lissafi ya ba mu kilo 70 ga dogon, 64 ga na gidan Baba. Muka aro sikelin rataye a wurin wani mai sayar da masara, aka saka su a buhu aka ɗaga, sikeli ya ce 68 da 63. Mai karatu ya ƙiyasta irin murnar da muka yi. Muka je wa Baba da labari muna fara'a, muka ce na ƙanensa ya fi nasa, kimiyya ta faɗa, sikeli ya shaida.

Ya miƙe, ya dafa kafaɗar ɗansa, don idanunsa sun fara yin yana tun bara, ya isa wurin ragunan. Ya ɗora tafin hannu a gadon bayan dogon, can bayan haƙarƙari na ƙarshe, ya matsa da yatsu, ya gangara gindin wutsiya, ya shafa ƙirji. Ya yi wa ɗayan haka. Duka bai fi minti biyu ba. Ya ce, "Ban musa muku ba, ya fi nauyi. Amma ƙashi ne da tumbi, ciyawa ya taso da ita. Ku zo ranar Sallah da sikelinku." Ya ƙara mana da cewa a kara akwai masu ba dabba kanwa da safe ta sha ruwa ta cika fam, baƙo ya gani ya yaba, kuma duk wanda ya sayi rago da ido kaɗai, ruwa ya saya.

Ranar Sallah muka je da sikeli. Bayan an feɗe, an cire kai da ƙafa da kayan ciki, dogon ya ba da kilo 31, na Baba 33. Ba mu yi ƙarya ba, shi ma bai yi ba. Surarmu fatar waje ta gani, kuma ta auna ta daidai gwargwado, amma ba ta da hanyar sanin abin da ke ƙarƙashin fatar, ko tsoka ne ko kitse ko ciyawa. Da muka koma makaranta muka buɗe littafin kiwo, sai ga shi a rubuce, tun shekarun 1960 masana kiwon tumaki a Ostireliya da Sukotland suka tsara hanyar gane ƙibar tunkiya da hannu, ana ba da maki daga ɗaya zuwa biyar, kuma wurin da suka ce a taɓa shi ne gadon baya, bayan haƙarƙari na ƙarshe. Daidai inda hannun Baba ya fara sauka ke nan. Babin nan mun tsallake shi a aji biyu, don an ce ba ya fitowa a jarrabawa.

Su ma masu wannan fanni sun san iyakar abin da ke hannunsu, shi ya sa ba su tsaya a fata ba. A Jami'ar Brown ta Amurka, Elizabeth Brainerd da abokan aikinta sun haɗa surar ƙasusuwa da bidiyon eksre daga kusurwa biyu, har ana ganin yadda ƙashi ke motsi a cikin dabba tana raye. Da wannan suka nuna a 2015 cewa wani kifi mai zuƙo abincinsa da baki, kusan duk ƙarfin zuƙar daga tsokar jikinsa ta iyo yake fitowa, ba daga 'yan tsokokin kansa ba. A gonakin madara na Turai kuma akwai kyamarorin da ake ratayewa a saman ƙofa, suna duba tudu da kwarin ƙugun saniya kullum in ta wuce, don a gane wadda ta fara ramewa. Sai dai ko waɗannan kyamarori, da makin da ƙwararrun mutane suka bayar aka koya musu aiki. Da babu masu ido da hannu, da babu abin da za a gwada su da shi.

Bayan Sallah da kwana uku Baba ya ce a nuna masa ragon nasa. Muka kai masa kwamfutar har kan buzu, muka ƙara haske, ya matso da fuska kusa. Ɗansa ya juya masa shi a hankali. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Shi ne kuwa. Ga inda ya karce a mota." Naman an soye an rarraba, fatar an bayar, amma ga shi tsaye da ido rabi a rufe. Sai muka ga Baba ya miƙa hannu ya ɗora yatsu a kan gilashin, daidai gadon baya, ya ɗan matsa. Ya janye hannun, ya yi dariya, ya ce, "Na manta." Mu kuwa babu wanda ya iya dariya. A nan ne kowannenmu ya tuna cewa 'ya'yan Baba maza biyar ne, babu ko ɗaya a kara, kuma abin da hannun nan ya tara cikin shekara arba'in ba ya rubuce a ko'ina.

Mun yi ta murnar cewa zamani ya zo da za a san siffar dabba ba sai an kashe ta ba, kuma har yanzu muna kan wannan murna, don duk wel ɗin da aka auna daga sama, da duk kwaɗon da aka mayar rafi da ransa, riba ce. Abin da ba mu lura da shi ba shi ne, a gidanmu akwai mutumin da tun kafin a haife mu yake karanta jikin dabba mai rai, ba wuƙa ba kwalba, kuma abincin iyalinsa ya dogara a kan kada ya yi kuskure. Ido ba mudu ba ne, in ji Hausawa, amma ya san ƙima. Mu mun samo mudu, mudu mai kyau kuwa, sai muka tarar ƙimar tana wurin wanda muke jin kunyar rubuta sana'arsa.

Daga ƙarshe, ga 'yan'uwanmu ɗalibai da suka fito daga gidaje irin namu, 'ya'yan mahauta da masunta da makiyaya da masu sayar da kaji, muna ba da shawarar a riƙa komawa gida da littafin rubutu. Mu dai mun sa wannan ya zama aikinmu na shekarar ƙarshe, kuma malamarmu ta amince. Duk Asabar ɗin da muka sami dama mukan je kara, mu jira azahar, mu ɗauki sura, sa'an nan Baba ya ɗora hannu ya faɗi abin da ya ji, mu rubuta da kalmominsa, mu sa alama a kan surar daidai inda yatsunsa suka taɓa. Muna so mu ga ko akwai wani tudu ko kwari a fatar waje da ke tafiya tare da hukuncinsa. Mai yiwuwa mu samu, mai yiwuwa kuma mu tarar akwai abin da sai hannu. A shafin farko na rahoton, inda ake jera waɗanda suka yi aikin, ɗansa ya riga ya rubuta sunansa, a gabansa kuma ya sa "dillalin tumaki". Da aka karanta wa Baba, cewa ya yi a ƙara da "da awaki", don kada abokan cinikinsa su ɗauka ya daina.